Idan sammacin zama juri ya same ka a Ingila kuma kai mai sana'ar kanka ne

Takarda ce ke zuwa ta gidan waya, da cikakken sunanka da adireshinka, tana sanar da kai cewa an kira ka zaman juri, wato mutum 12 da za su taya alƙali shari'a, su saurari shaidu, su yanke ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Wanda ya taso a Najeriya bai saba da wannan ba, domin a kotunan gida alƙali ne ke sauraro kuma shi ke yanke hukunci. A Ingila da Wales kuwa manyan laifuffuka da ake kaiwa kotun Crown, irin su kisa, fyaɗe, fashi da babbar zamba, talakawan gari ne ke yanke su, kuma doka ce ta wajabta wa wanda aka kira ya amsa.

Ma'aikacin kamfani sau da yawa yana da inda zai jingina, wasu kamfanonin ma suna ci gaba da biyan albashi. Direban tasi ko na Uber, mai kai saƙo, tela, mai aski, mai kitso, mai gyaran famfo, mai shagon kayan abinci, su ranar da ba su fita ba babu abin da ya shigo, alhali hayar mota da hayar shago ba sa jira. Kotu ba za ta mayar maka da duk abin da ka rasa ba. Abin da ke hannunka shi ne ka zaɓi lokacin da asarar za ta fi sauƙi, ka kuma tanadi takardun da za su sa a biya ka iyakar abin da doka ta yarda. Akasarin wannan aiki a makon farko ake yin sa.

Bayanin nan na Ingila da Wales ne kaɗai. Scotland da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin da nata kuɗin, a Scotland ma mutum 15 ne ke zama.

Me ya sa kai?

Kwamfuta ce ke tsamo sunaye daga rajistar masu zaɓe, ba tare da duba sana'a ko asali ba. Sharuɗɗan suna cikin dokar juri ta 1974 da gyare-gyaren da aka yi mata: shekarunka su kasance daga 18 zuwa 75, sunanka na cikin rajistar zaɓe, kuma ka zauna a Birtaniya aƙalla shekara 5 tun bayan da ka cika shekara 13. Ba sai kana da fasfon Birtaniya ba. 'Yan ƙasashe rainon Ingila, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru, idan suna da izinin zama suna iya shiga rajistar zaɓe, shi ya sa sammacin ke samun mutanenmu da dama da ba su taɓa zaton zai zo musu ba.

Akwai waɗanda doka ta haramta wa zama: wanda ke kan beli, wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 5 ko fiye, da wanda cikin shekara 10 da suka wuce ya yi zaman gidan yari, ko aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ko hukuncin yi wa al'umma aiki. Idan ɗaya daga ciki ya shafe ka, ko kuma shekarunka a ƙasar ba su kai 5 ba, ba shiru za ka yi ba. Za ka amsa takardar, ka faɗi hakan a wurin da aka tanada. Ɓoye shi a je a zauna laifi ne mai zaman kansa.

Kwana 7 na farko

Ofishin da ke aika sammacin, Jury Central Summoning Bureau, ya ba ka kwana 7 daga ranar da ka karɓa ka mayar da amsa. Ana amsawa ta intanet a shafin GOV.UK da lambar juri da ke jikin takardar, ko a cike fom ɗin a mayar ta gidan waya. Wanda ya ƙi amsawa, ko ya amsa amma bai bayyana a kotu ba babu ƙwaƙƙwaran dalili, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000.

Kada ka yi saurin danna amincewa a daren da takardar ta zo, kada kuma ka tura ta ƙarƙashin tarin takardun wuta da ruwa. Ka ɗauki kwana biyu ko uku ka yi abu uku: ka duba ranar da aka sa maka ka gwada ta da littafin ayyukanka, ka yi lissafin asara, ka kira kamfanin inshorarka. Sai ka san wace amsa za ka bayar cikin uku: zan zo a ranar da aka sa, a ɗage mini zuwa wani lokaci, ko a ɗauke mini gaba ɗaya.

Wata matsala da ke yawan faruwa ita ce ta tafiya gida. Mutum ya tafi Kano ko Kumasi wata biyu, ya dawo ya tarar da sammacin har da takardar tuni a bakin ƙofa. Ranar da ka gani ka kira ofishin a lambar da ke jikin takardar, ka aika musu hoton tikitin jirgi ko hatimin fasfo. Doka ta yarda da uzuri mai ma'ana, amma sai wanda ya zo ya faɗe shi. Haka nan wanda ya sauya gida bai sabunta rajistar zaɓe ba, sammacinsa tsohon gidan zai tafi. Idan kuwa wani ya kira ka a waya yana cewa ka biya tara yanzu-yanzu ta kati saboda ka ƙi zuwa, ka kashe wayar ka kira lambar da ke kan takardar gwamnati da kanka.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka amsa

Ba a biyan albashi don zama juri. Abin da ake biya shi ne wani ɓangare na asarar da zaman ya jawo maka, kuma an ƙayyade iyakarsa. A ranakun aiki 10 na farko, iyakar abin da za ka samu a rana shi ne fam 64.95 idan ka shafe fiye da awa 4 a kotu, fam 32.47 idan awa 4 ne ko ƙasa. Daga rana ta 11 adadin yana ninkawa: fam 129.91 ga cikakken yini, fam 64.95 ga rabin yini. Kuɗin abinci fam 5.71 ne a rana, yana zama fam 12.17 idan ka wuce awa 10. Kuɗin bas da jirgin ƙasa ana mayar da shi a farashin tikitin talakawa. Idan da motarka ko babur ka je, kwabo 31.4 ne na kuɗin Ingila a kowane mil, keke kuma kwabo 9.6. Kuɗin ajiye mota da na tasi sai ka nemi izinin kotu tukuna, in ba haka ba daga aljihunka. Waɗannan adadin sun daɗe ba su motsa ba duk da tsadar rayuwa, amma ka gwada su da abin da aka rubuta a takardun da kotu ta aiko maka.

Abu biyu mutane ke kuskure a kai. Na farko, fam 64.95 iyaka ce, ba kyauta ba ce da ake ba kowa. Idan takardunka sun nuna fam 50 kake samu a rana, fam 50 za a ba ka. Na biyu, wannan iyakar ta haɗa komai da komai na asara: abin da ka rasa na sana'a, abin da ka biya mai reno saboda ba ka nan, da abin da ka biya wanda ya tsare maka shago. Ba kowanne da nasa fam 64.95 ba ne. Matar da ke kitso a gida tana kula da 'ya'yanta lokaci guda, idan ta tafi kotu ta yi asara biyu, ga kitso ga kuɗin reno, amma iyakar ɗaya ce.

Ɗauko takardar harajinka ta bara. Ka duba riba, wato abin da ya saura bayan an cire mai, inshora, haya da kayan aiki, ba jimillar abin da ya shigo ba. Ka raba ta da yawan ranakun da kake aiki a shekara. Mai aiki kwana 5 a mako yana da kimanin kwana 260. Ribar fam 26,000 ta zama fam 100 a rana ke nan. A zaman kwana 10 asararsa fam 1,000, abin da kotu za ta ba shi bai wuce fam 649.50 ba, giɓin fam 350.50. Da wannan lissafi, duk wanda ribarsa ta shekara ta haura kimanin fam 16,900 ya riga ya kai iyakar.

Kada ka tsaya nan, domin giɓin gaskiya ya fi haka. Akwai kuɗaɗen da ke fita ko ka yi aiki ko ba ka yi ba: hayar mota ta mako-mako, kuɗin kujera a shagon aski, hayar rumfa a kasuwa, inshorar tasi, bashin banki na kayan aiki. Ka rubuta su duka na mako biyu, ka ɗora a kan giɓin. Sannan ka tuna ranakun da za a sallame ku da rana tsaka, inda fam 32.47 kawai za ka iya nema alhali ka riga ka soke ayyukan yinin. Adadin da ya fito shi ne abin da kake buƙata a ajiye kafin ranar farko, kuma shi ne hujjarka idan za ka nemi a ɗage.

Ɗagewa ta fi sauƙin samu a kan ɗaukewa

Yawancin masu sana'a abin da suke fara rubutawa shi ne a ɗauke musu, wai su masu zaman kansu ne. Wannan shi kaɗai ba ya isa. Ƙa'idar da jami'an ofishin ke bi ita ce su fara duba ɗagewa, ba sa ɗauke wa mutum don dalilin kasuwanci sai ya nuna cewa zaman zai jefa shi cikin wahala da ta wuce ta kowa, kuma babu wani lokaci cikin shekarar da zai iya. Ƙaramar sana'a da ta rataya a wuyan mutum ɗaya tana cikin abin da ake dubawa, amma kowace buƙata da hujjarta ake auna ta.

Ɗagewa kuwa sau ɗaya ake ba da ita, zuwa wani lokaci cikin wata 12 masu zuwa, kuma kai za ka kawo ranaku 3 da za ka iya farawa. Wannan ita ce dama mafi girma da kake da ita, don haka ka zauna ka yi tunani a kan ranakun. Kowace sana'a tana da kakarta da raninta. Tela da mai sayar da atamfa da mai lalle ba za su so makonnin da ke gaban ƙaramar Sallah da babbar Sallah ba, ko lokacin bukukuwan aure na bazara. Direban tasi da mai kai saƙo sun fi samu a Disamba, kasuwa kan yi sanyi a Janairu da Fabrairu. Mai aikin gini da fenti na waje hunturu ne lokacin da aiki ke ja baya. Akanta mai zaman kansa ba zai iya Janairu ba saboda wa'adin haraji na ranar 31 ga wata. Ka buɗe bayanan asusunka na shekara biyu, ka ga watannin da kuɗi suka fi ƙaranci, daga cikinsu za ka ɗauki ranakun.

Ka kuma duba kalandar Musulunci ta baɗi kafin ka rubuta, tun da azumi da Sallah suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Idan ka biya kuɗin Hajji ko Umara, ko ka sayi tikitin zuwa gida, wannan dalili ne karɓaɓɓe na ɗagewa, haka ma tiyata ko jarrabawa ko haihuwa. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka ba da ranar da ba ka da tabbas a kanta, domin babu ɗagewa ta biyu. Kuma ka bar sarari bayan kowace rana da ka zaɓa, aƙalla mako uku ba tare da tafiya ba, saboda shari'a na iya zarcewa.

Yadda ka rubuta buƙatar yana da tasiri. "Ina da aiki da yawa" ba ya gaya wa jami'in komai. Ka faɗi sana'arka, ka ce kai kaɗai ne babu ma'aikaci, ka ambaci aikin da ka riga ka ɗauka a waɗannan ranaku da ranar da ka yi alkawarin miƙa shi, da abin da zai biyo baya idan ka saɓa: mayar da kuɗin kafin alƙalami, tarar da ke cikin kwangila, ko rasa kwangilar. Ka haɗa da shaida: kwafin kwangila, rasit na kuɗin da aka fara biya, wasiƙar akanta, takardar hayar mota. Gajeren bayani mai ranaku da adadi ya fi dogon koke.

Ana ɗauke wa mutum gaba ɗaya idan yana da ciwo mai tsanani ko naƙasa da za ta hana shi, ko shi ne ke jinyar wani cikakken lokaci, ko ya koma zama wajen Ingila da Wales, ko ya yi zaman juri cikin shekara 2 da suka wuce. Wanda Turancinsa bai kai ya bi shari'a ba ya faɗa tun a fom. Ba a shiga da tafinta na Hausa ɗakin da 'yan juri ke shawara, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ce ba zai iya yanke wa wani hukunci a kan maganar da bai fahimta sosai ba. Idan an ƙi buƙatarka, kana da damar ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ga ofishin, da lambar jurinka, sunan kotun, ranakun, da ƙarin hujja. Har sai an ba ka amsa a rubuce, ka ɗauka ranar farko na nan daram.

Takardun da za su sa a biya ka

Ma'aikaci kamfaninsa ke cike masa takardar asarar albashi. Kai kuwa akwai fom na masu sana'ar kansu da za ka cike, ka haɗa da shaidar abin da kake samu. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce takardar harajinka ta ƙarshe. Ka shiga asusunka na HMRC, hukumar harajin Birtaniya, ka sauke lissafin harajin da ake kira SA302, ka buga shi a takarda. Idan akanta ne ke cike maka, ka neme shi tun yanzu, kada ka bari sai ranar da kotu ta tambaya.

Wanda bai cika shekara da fara sana'a ba, bai kai ga cike haraji ba tukuna, ya tara abin da yake da shi: wasiƙar HMRC mai ɗauke da lambar harajinsa, bayanan asusun banki na watannin baya, takardun neman biya da ya ba abokan ciniki, bayanan kuɗin mako-mako daga manhajar da yake aiki da ita, da wasiƙar akanta idan akwai. Ya kira jami'in juri na kotun kafin ranar farko ya ji wanne za su karɓa. Wanda kuma ya yi rajistar kamfani yana biyan kansa albashi daga ciki, ya faɗi hakan tun farko, domin takardar da za a ba shi ta danganta da yadda yake biyan kansa.

A nan ne mai karɓar kuɗi a hannu ba ya rubutawa yake shan wuya. Kotu da abin da ke rubuce take aiki. Idan ka nuna wa hukumar haraji riba kaɗan, ita ce za a auna asararka da ita. Kada kuma ka yi gangancin rubuta adadin da ya fi wanda ke takardar harajinka, domin neman kuɗin da ba ka yi asararsa ba zamba ce, kuma a cikin kotu kake yin ta.

Sai inshora. Mutane da yawa suna da kariyar zaman juri ba su sani ba, domin takan zo a cikin sashen kuɗin shari'a na inshorar gida ko ta kasuwanci, wasu ƙungiyoyin sana'a ma suna ba mambobinsu. Yawanci tana biyan wani abu daga giɓin da kotu ta bari, kuma sharaɗinta shi ne ta kasance tana aiki tun kafin sammacin ya zo. Ka kira su ka tambayi nawa suke biya a rana, iyakarsu nawa, cikin kwana nawa za ka sanar da su, da irin takardar da suke so. Idan kana karɓar tallafin gwamnati na Universal Credit, ka nuna wa jami'inka sammacin da zarar ya zo. Tallafin yana ci gaba kamar yadda yake a mako 8 na farko.

Gyara sana'a kafin ranar

Da zarar wasiƙar tabbatarwa ta zo da sunan kotu da lokaci, ka sanar da manyan abokan cinikinka. Ba laifi ba ne ka ce an kira ka zaman juri, kuma kowa a ƙasar ya san ba da son ranka ba ne. Ka ce musu mako biyu, mai yiwuwa ya ɗan wuce. Ayyukan da za a iya jawowa gaba ka jawo su, waɗanda ba za a iya ba ka tura su bayan mako na uku. Ka tura takardun neman biya da wuri, ka bi bashin da ke waje, domin kuɗin kotu sai bayan an gama suke zuwa. Idan zaman ya faɗo kusa da 31 ga Janairu ko 31 ga Yuli, ka ware kuɗin haraji gefe tun kafin.

Ka yi magana da mai motar da kake haya, ko mai shagon da kake biyan kujera, ka nuna masa takardar ka nemi a dakatar ko a rage na mako biyu. Wasu suna yarda idan an gaya musu da wuri. Idan za ka sa wani ya tsare maka shago, ku rubuta abin da za ka biya shi, ka biya ta banki, ka ajiye shaida, domin yana cikin abin da za ka iya nema. Direba kada ya ba wani motarsa ya yi aiki da ita sai ya tabbata lasisi da inshorar sun rufe wannan mutumin.

Doka ba ta hana ka aiki da yamma ko Asabar da Lahadi ba, kuma da shi mutane da yawa ke rage giɓin. Amma kada ka yi tuƙin dare har ƙarfe uku sannan ka zo ka zauna sauraron shaida. Alƙali yana ganin fuskar kowa daga inda yake zaune, kuma rayuwar wani ce ake magana a kai.

A cikin kotu

Zaman yawanci ranakun aiki 10 ne, Litinin zuwa Juma'a, daga misalin ƙarfe 10 na safe zuwa 5:30 na yamma, amma ranar farko ana so ka zo da wuri. Ka riƙe wasiƙar da katin shaida mai hoto, fasfo ko lasisin tuƙi. A bakin ƙofa ana bincike irin na filin jirgin sama. Ka zazzage jakarka tun daga gida: almakashin tela, reza da askar mai aski, sukudireba, ƙaramar wuƙar yanka kwali, duk za a tsayar da kai a kansu. Ka zo da abincinka, ba kowace kotu ke da wurin sayarwa ba.

Yawancin lokacin jira ne. Ana tara ku a babban ɗaki, a kira kimanin mutum 15 zuwa ɗakin shari'a, a zaɓi 12 ta hanyar ƙuri'a, sauran su koma jira. Kana iya shafe kwana biyu ko uku ba a kira ka ba. A ɗakin jiran an yarda ka yi amfani da waya da kwamfuta, saboda haka ka zo da aikin da za a iya yi a zaune: lissafin haraji, amsa saƙonni, tsara ayyukan wata mai zuwa. Wani lokaci za a ce kada ku zo gobe, ko a sallame ku gaba ɗaya kafin kwana 10. Ka tanadi ayyukan da za ka iya ɗauka ba shiri don irin waɗannan ranaku, ka kuma tambayi jami'in juri yadda ake lissafin ranar da aka ce kada a zo. Kowace rana ka rubuta lokacin isowa da na tashi a ƙaramin littafi, saboda bambancin awa 4.

Wajen rantsuwa, Musulmi yana iya rantsewa da Alƙur'ani, Kirista da Littafi Mai Tsarki, wanda ya fi so kuma ya yi alkawarin faɗin gaskiya ba tare da littafi ba, duk darajarsu ɗaya a doka. Ka gaya wa jami'in tun da safe wanda ka zaɓa, da kuma cewa kana buƙatar alwala idan za ka taɓa Alƙur'ani. Maganar wurin salla da sallar Juma'a ma ranar farko ake tayar da ita, domin a sanar da alƙali ya san yadda zai tsara hutu.

Idan aka ce shari'ar za ta yi tsawo

Wannan ne wurin da mai sana'a ya fi buƙatar buɗe kunne. Idan ana sa ran shari'a za ta wuce mako biyu, ana sanar da ku kafin a zaɓi mutum 12, a tambayi wanda ba zai iya ba, wani lokaci a rubuce. Nan take za ka yi magana, kafin a rantsar da kai. Kunya ko nauyin baki a wannan minti na iya jawo maka wata biyu ba ka buɗe shago ba, domin bayan rantsuwa fita tana da wuya ƙwarai. Shi ya sa yake da kyau kwafin lissafinka da kwangilolinka su kasance a jakarka kullum. Ka ce kana iya mako biyun da aka kira ka, amma fiye da haka sana'arka ba za ta ɗauka ba, ga dalili. Alƙali ne zai yanke. Idan aka sa ka duk da haka, ka nemi a riƙa biyan ka kashi-kashi yayin da ake shari'ar, kotu na iya yin hakan ga doguwar shari'a ko ga wanda ya shiga matsi.

Baki da waya

Sana'o'inmu na hira ne. A shagon aski, a cikin tasi, a zauren WhatsApp na 'yan gari, za a tambaye ka wace shari'a ce, wa ake tuhuma. Amsarka ɗaya ce: an hana ni magana. Ko matarka ko mijinki ba a gaya wa. Binciken sunan wanda ake tuhuma a Google ko Facebook, ko zuwa kallon wurin da abin ya faru, laifi ne tun daga gyaran dokar 2015, kuma hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 2. Bayan an gama kana iya faɗin abin da ya gudana a fili cikin kotu, amma abin da kuka tattauna a ɗakin shawara, da wanda ya ce me, ba a faɗin sa har abada.

Idan ka ga ka san wanda ake tuhuma, ko wani shaida, ko da abokin ciniki ne da ka taɓa yi wa aiki sau ɗaya, ka faɗa nan take. A unguwannin da mutanenmu suka taru wannan yana faruwa. Direban da ya fita aikin yamma ya ga fasinjansa wani ne daga shari'ar, kada ya yi maganar da shi, washegari da safe ya rubuta wa alƙali ta hannun ma'aikacin kotu.

Karɓar kuɗi da haraji

Ana cike takardar neman kuɗi a ƙarshen zaman. Ka haɗa fom ɗin asara, shaidar haraji, tikitoci da rasit, takardar mai reno idan akwai, da lambar asusunka. Kana da har wata 12 daga ranar da ka fara, amma ka miƙa a makon da aka gama tun takardun ba su watse ba. Biya yakan ɗauki ranakun aiki 7 zuwa 10. Abin da ke jawo jinkiri kusan kullum ɗaya ne daga cikin uku: babu shaidar samu, lambar asusu ba daidai ba, ko an nemi kuɗin tasi da ajiye mota ba tare da izini ba. Kafin ka bar kotu ranar ƙarshe, ka nemi takardar shaidar halarta mai nuna ranakun da ka zo. Kamfanin inshora zai tambaye ta, kuma da ita za ka nemi a ɗauke maka idan wani sammacin ya zo cikin shekara 2.

Kuɗin asarar sana'a da kotu ta ba ka yana maye gurbin cinikin da ka rasa ne, don haka HMRC tana ɗaukar sa a matsayin kuɗin shigar kasuwanci, sai ka sa shi cikin lissafin harajin shekarar. Na mota da na abinci mayar maka da abin da ka kashe ne, ba sa shiga. Takardar biyan da kotu za ta aiko tana rarrabe su, ka ajiye ta tare da rasit ɗin shekarar, ka ba akantanka kwafi, haka ma takardar duk abin da inshora ta biya ka.